FAƊUWA A TSAKIYAR TAFIYA: GARGAƊI KO ABIN RAMUWA?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Funtuwa ko Malumfashi ya san manomin kirki ba ya jiran kaka kafin ya san halin da gonarsa ke ciki. Da an gama noman firi, an shiga maimai, zai riƙa zagayawa kunya-kunya. In ganyen masara ya yi rawaya, ya san taki take nema. In ya ga wuta-wuta ta leƙo a gindin dawa, ya san akwai aiki a gabansa. Gona ba ta da baki, amma tana magana da mai ita tun damina na tsaka, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna da 'yan'uwa marubuta a kan wata tambaya: idan talakawa suka juya wa jam'iyya baya tun tafiya ba ta ƙare ba, me ya wajaba ta koya?

A Amurka an shirya wa wannan lokaci na musamman. Shugaba na yin shekara huɗu, amma bayan shekara biyu ana sake zaɓen majalisar wakilai gaba ɗaya da sulusin majalisar dattawa. Shi ake kira zaɓen tsakiyar wa'adi. A 1994 jam'iyyar Shugaba Bill Clinton ta sha kaye, 'yan Republican suka karɓe majalisar wakilai bayan shekara 40 ba ta hannunsu. Clinton ya karɓi gargaɗin, ya sassauto da wasu manufofinsa. Su kuwa waɗanda suka ci, nasara ta hau musu kai, suka ja daga a kan kasafin kuɗi har ofisoshin gwamnati suka rufe a ƙarshen 1995. Da aka zo 1996, Clinton ya sake cin zaɓe. Wato wanda ya faɗi ya fi wanda ya ci fahimtar saƙon.

Mu a nan tsarinmu bai tanadi irin wannan ba. Shugaban ƙasa da 'yan majalisa duk a shekara ɗaya ake zaɓensu, sai fa zaɓen cike gurbi da na ƙananan hukumomi. Amma tarihin ƙasarmu ya ba mu misalai biyu da suka ishi mai hankali.

Na farko, a 1979, lokacin Funtuwa da Malumfashi suna cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Talakawa suka ba NPN rinjaye a majalisar jiha, sannan suka juya suka ba Alhaji Balarabe Musa na PRP kujerar gwamna, ya kada Alhaji Lawal Kaita. Saƙon a fili yake: mun ba ku majalisa, mun ba su gwamna, ku zauna ku yi mana aiki tare. Ba a zauna ba. Majalisa ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa, shi ma bai sassauta ba, har aka tsige shi a watan Yuni na 1981. A 1983 Lawal Kaita ya hau kujerar, amma wata uku kacal ya yi, soja suka share kowa ranar 31 ga Disamba. An koyi dabarar ƙwace kujera, ba a koyi abin da ya sa manomi ya raba ƙuri'arsa biyu ba.

Na biyu, zamanin SDP mai doki da NRC mai gaggafa, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta jera zaɓe daki-daki: ƙananan hukumomi a Disambar 1990, gwamnoni a Disambar 1991, majalisun tarayya a Yulin 1992, shugaban ƙasa ranar 12 ga Yuni, 1993. Kowane zaɓe ya zama ma'aunin na gaba. Zamanin ƙato bayan ƙato ne, ana yin layi a bayan hoton ɗan takara da rana tsaka, kowa na ganin inda maƙwabcinsa ya tsaya. A 1991 Alhaji Sa'idu Barda na NRC ya kada Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa na SDP a takarar gwamnan Katsina. Malam Umaru ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin ya riƙe gonar Sambo a Funtuwa daga 1983 zuwa 1989. Ya karɓi faɗuwar, ya koma harkokinsa, bai yar da mutanensa ba. A 1999 ya dawo ƙarƙashin PDP ya ci, ya yi shekara takwas, a 2007 ya zama shugaban ƙasa. Ba mu ce haƙuri kaɗai ya kai shi ba, don siyasa tana da hannaye da yawa. Amma bai ɗauki kaye a matsayin cin mutunci ba.

To, a nan tambayar ɗabi'a ta taso. Jam'iyyar da ta faɗi tana iya gyara ɗayan abu biyu: halinta ko dabararta. Mai gyaran hali zai je kasuwar Dandume ya tambayi farashin masara. Zai tambayi manomin auduga yadda ya ƙare tun da aka rushe hukumar cinikin auduga a 1986, aka bar shi da 'yan baranda. Zai tuna cewa a Funtuwa aka fara shirin bunƙasa aikin gona na Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, ya tambayi kansa ina malaman gona da hanyoyin karkara na wancan lokaci. Mai gyaran dabara kuwa lissafinsa daban: wace mazaɓa muka rasa, wane mai faɗa-a-ji za mu sayo, buhun taki nawa za mu sauke ana gobe zaɓe. Dukansu biyu za su ce sun saurari talaka. Na farko ya saurare shi ne don ya bauta masa, na biyu don ya san ta inda zai kama shi.

Kada kuma mu wanke kanmu. Idan muka karɓi buhun taki muka manta da shekara huɗu ta wahala, mun koya wa jam'iyya cewa dabara ta isa, ba sai ta gyara hali ba. Gonar da ke ba da amfani ko an nome ta ko ba a nome ba, ita ke lalata manomi.

Mu masu riƙe da alƙalami, rabonmu a wannan aiki shi ne tunatarwa. Ɗan siyasa yana so a manta alkawarin bara, talaka kuma neman abin kai wa baka ya hana shi ajiye lissafi. Sai mu rubuta: abin da aka ce a dandalin Bakori, abin da aka yi a Ƙafur, rijiyar da aka aza wa harsashi a Danja aka tafi. Tunda tsarin mulki bai ba manominmu zaɓen tsakiyar wa'adi ba, rubutunmu ya zama zagayen gonar da ake yi kafin kaka, ko da masu mulki za su ji haushinmu. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Allah Ya ba mu shugabanni masu jin gargaɗi, Ya ba mu ƙarfin halin faɗar gaskiya. Amin.