Ƙaddara da Diyya: Matsayin Neman Haƙƙi Bayan Raunin Laka a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Daga cikin tambayoyin da ke tasowa a gidajen da tsautsayi ya faɗa wa a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, da wuya a sami mai nauyi kamar wannan: shin Musulmin da ya karye a ƙashin baya har ƙafafunsa suka shanye, ta dalilin gangancin direba ko sakacin wanda ya ɗauke shi aiki, yana da damar ɗaukar lauya ya nemi diyya, ko kuwa yin haka raunin imani ne da ƙaddara? Amsar da aka fi ji a bakin jama'a ita ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, don haka a bar wa Allah, kuma sau da yawa dattawan gida sukan furta yafiya tun majinyacin yana kwance bai gama sanin abin da ya same shi ba. Wannan amsa daga kyakkyawar niyya take fitowa, amma idan aka auna ta da fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake karantawa a zaurukan malaman ƙasar Katsina tun ƙarnoni da dama, za a ga ta cakuɗa abubuwa biyu da shari'a ta bambanta, wato yarda da hukuncin Allah da kuma zubar da haƙƙin bawa.

Kafin a shiga hukunci, wajibi ne a san girman cutar da ake magana a kai. Laka ita ce babbar jijiyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa cikin ƙashin baya, kuma ta hanyarta saƙon motsi da na ji suke kaiwa da komowa tsakanin kai da sauran gaɓoɓi. Idan ta tsinke a wajen wuya hannuwa da ƙafafu sukan shanye gaba ɗaya, idan kuma a ƙasa ne ƙafafu sukan mutu, mutum ya kasa riƙe fitsari da bayan gida. Ƙashi yana ɗoruwa, amma lakar da ta tsinke ba ta haɗuwa, shi ya sa jan majinyaci ko ciccibarsa ba bisa ƙa'ida ba yakan ƙara ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutane sama da miliyan 15 ne ke rayuwa da wannan rauni, kuma faɗuwa da haɗarin hanya su ne manyan musabbabansa. A wannan yanki musabbaban ba ɓoyayyu ba ne: babura da motocin kasuwa a hanyar da ta taso daga Katsina ta bi ta Kurfi zuwa Dutsin-Ma, faɗowa daga itace ko gini, da harsashin 'yan bindiga. Daga asibitocin waɗannan garuruwa akan tura majinyaci Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya, sannan bayan tiyata sai hidimar da ba ta ƙarewa ta biyo baya, ta gashi da robar fitsari da keken guragu da jinyar gyambon kwanciya, ga kuma mutum guda a gida da zai bar sana'arsa don juya shi dare da rana.

Imani da ƙaddara rukuni ne na addini, kuma ma'anarsa ita ce babu abin da ke aukuwa sai da sanin Allah da nufinsa. Sai dai malaman tauhidi sun tabbatar wa bawa abin da suka kira kasabu, wato rabon da mutum yake da shi na zaɓi da aikatawa, wanda a kansa ne ake ba shi lada ko a kama shi da laifi. Da a ce ƙaddara tana kankare alhaki, da babu hukuncin da zai tsaya a kan ɓarawo ko mai kisa, domin su ma ayyukansu ba su fita daga abin da aka rubuta ba. Hujja mafi ƙarfi a nan tana cikin aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, inda aka wajabta diyya a kan kisan kuskure, alhali kuskure shi ne wurin da hannun ƙaddara ya fi bayyana, tun da mai aikin bai yi nufi ba. Haka nan lokacin da Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko yana gudun ƙaddarar Allah ne, ya bayyana cewa komawar ita ma ƙaddarar Allah ce. A bisa wannan, haɗari ƙaddara ne, neman magani ƙaddara ne, karɓar diyya ma ƙaddara ce, kuma babu ɗayansu da ke rushe ɗan'uwansa.

Littattafan mazhaba ba su bar karayar baya a duhu ba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ta sanya cikakkiyar diyya a kan karya gadon baya, daidai da diyyar rai, wato raƙuma 100 ko dinari 1,000 ko dirhami 12,000, kuma dinari 1,000 ya kai kimanin kilo 4.25 na zinariya. Muhtasar na Shaihu Halilu ya lissafa gushewar ikon tsayuwa da zama, da gushewar ikon saduwar aure, cikin amfanonin jiki da ake biya wa cikakkiyar diyya. Ko da gangan aka yi raunin, ba a yin ƙisasi, wato ramuwa daidai da daidai, a gadon baya, saboda tsoron kada ramuwar ta kai ga halaka, sai a koma ga diyya. Risala ta kuma ɗora lamuni a kan mai kora dabba da mai jan ta da mahayinta game da abin da ta taka, kuma a kan irin wannan asali ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa haɗarin mota yana ƙarƙashin hukunce-hukuncen jinaya, wato laifin taɓa rai ko gaɓa, kuma kiyaye dokokin hanya wajibi ne a shari'a.

Babu shakka yafiya tana da falala babba, domin Suratus Shura ta yi wa mai afuwa alkawarin lada a wurin Allah, amma a daidai wurin ta ɗauke zargi daga wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi. Yafiya kyauta ce, kyauta kuwa ba ta inganta sai daga mai abu, yana cikin hankalinsa, yana sane da abin da yake bayarwa, ba tare da tilas ba. Diyyar rauni mallakar wanda aka raunata ce, ba ta mahaifinsa ko yayansa ko mai unguwa ba, saboda haka babu wanda yake da ikon cewa an yafe a madadin baligi mai hankali, kuma waliyyin yaro ba shi da damar sarayar da dukiyar yaron a inda babu maslaha gare shi. Ƙari a kan haka, ƙa'idar Malikiyya ita ce ba a ƙayyade diyyar rauni sai bayan ya warke an ga inda ya tsaya. Yafiyar da aka karɓa a bakin gadon asibiti, cikin kwana biyu na farko, da kunyar idon manya a kan majinyaci, ta riga lokacin da shari'a da kanta ta ɗiba don sanin girman asarar.

Akwai uzuri mai ƙarfi da ake kawowa, cewa direban da ya yi haɗarin shi ma talaka ne, kuma kai shi kotu ba zai haifar da komai ba sai rushe gida na biyu. Shari'a ta riga ta hango wannan, shi ya sa ta ɗora diyyar kuskure a kan aƙila, wato jama'ar da mutum yake jingina da ita wajen taimako, matuƙar ta kai sulusin cikakkiyar diyya, kuma ta ba da shekara 3 a biya cikakkiyar diyya kashi-kashi. A tsarin Muhtasar ana farawa da mutanen diwani, waɗanda rajistar albashi ɗaya ta haɗa su, sannan dangi na wajen uba, daga ƙarshe baitulmali. A zamanta na Dubai a 2005, majalisar da aka ambata ta bayyana cewa inda tsarin dangi ya yi rauni, inshorar Musulunci ta takaful da ƙungiyoyin masu sana'a ɗaya da asusun ma'aikata za su iya tsayawa a matsayin aƙila. Wannan yana nufin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan acaɓa a tashoshin Dutsin-Ma da Kurfi, waɗanda suke karɓar kuɗin tikiti kullum, suna da hanya ta shari'a ta ware wani kaso domin diyya.

Ɗaukar lauya kuwa wakalci ne, wato mutum ya naɗa wanda zai tsaya masa a shari'a, kuma an ruwaito cewa Sayyidina Ali yakan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu a ƙararraki. Jihar Katsina ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, don haka ƙofar kotunan shari'a a buɗe take, haka ma ta Babbar Kotun Jiha. Dokar inshorar motoci ta wajabta wa kowane abin hawa inshorar da za ta biya mutumin da ya raunata, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi biyan wanda ya nakasa a bakin aiki, kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, tana tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, har a ƙarar neman diyyar haɗari. Abin da ke kayar da mai gaskiya a mafi yawan lokuta shi ne rashin hujja da jinkiri, saboda haka rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗura, da takardar likita, da rasidin magani, da sunayen shaidu, duk ababen adanawa ne tun ranar farko, musamman da yake doka ta sa wa shigar da ƙara wa'adi, kuma idan jami'in gwamnati ake ƙara a kan aikinsa wa'adin yakan taƙaita zuwa wata 3.

Saura wanda harsashin ɗan bindiga ya kwantar, wanda ba shi da wanda zai kai ƙara. Shi ma sunna ba ta bar shi ba, domin lokacin da aka sami gawar Abdullahi ɗan Sahlu a Haibara ba a tabbatar da wanda ya kashe shi ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya biya diyyarsa raƙuma 100 don kada jininsa ya tafi a banza. Darasin da ke ciki shi ne hukumar da aka damƙa wa tsaron rayuka ita ce mafaka ta ƙarshe ga wanda aka raunata ba a san mai laifi ba.

Hukuncin da ya fito daga duk wannan shi ne neman diyya bayan raunin laka halal ne, ba ya rage imani da ƙaddara, kuma yakan zama abin da ya fi dacewa idan akwai mata da 'ya'yan da ciyarwarsu ke wuyan majinyacin. Wajibi ne limamai su bayyana wannan babi a kan mumbari, masu sarauta tun daga Yandakan Katsina da Maradin Katsina har zuwa dagatai su tabbatar ba a yi sulhu a bayan idon mai haƙƙi ba, dangi kuma su bar wa majinyaci zaɓinsa, ko ya karɓa ko ya yafe, bayan ya san abin da Allah ya ba shi.