Malamai Biyu a Gaban Yara

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ƴan'uwa Musulmi, a makarantunmu akan haɗa mai koyon malanta da tsohon malami su karantar da yara tare. To, idan sabon ya yi kure, me ya wajaba kan babba? In ya yi shiru, ya ci amanar ilimi. In ya tsawata, ya zubar da girman abokinsa, yaro kuwa ba ya ɗaukar karatu daga wanda ya raina.

Da Manzon Allah (SAW) ya aiki Mu'azu ɗan Jabal da Abu Musa al-Ash'ari zuwa Yaman, gabanin Hajjin Bankwana na shekara ta 10 bayan Hijira, ya umurce su da sauƙaƙawa da haɗin kai, ya hana su saɓani.

Saboda haka sai a rarrabe. Kure cikin lafazin aya a gyara shi nan take da tausasawa, kamar yadda mamu ke tunatar da liman, domin abin da yaro ya hardace a karkace da wuya ya miƙe. Amma gaggawa ko ƙarancin bayani, a bari sai yara sun tashi. Nasiha a keɓe ta fi ratsa zuciya.

Allah Ya sa mu dace, amin.