WANDA YA BA KA BINDIGA, SHI KE DA YAƘIN

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi Sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku samarin Damari, da Sabuwa, da Faskari, da Ƙanƙara, babu mai ba ku labarin 'yan bindiga. Kun ga gonakin da aka bari, kun ga shanun da aka kora, wasunku sun sayar da hatsi don biyan fansa. Ba ku manta da daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. To, wanda aka zalunta haka, duk wanda ya miƙo masa bindiga gani zai yi masoyi ne. A nan haɗarin yake.

Akwai ƙungiyar da ake kira Ansaru, wadda ta ɓalle daga Boko Haram a 2012. A 2022 an ga mutanenta a ƙauyukan Birnin Gwari, nan maƙwabtanmu, suna wa'azi, suna raba kyauta, suna cewa su ne za su kare talaka daga ɓarayin daji. Amma ku tambaya, wa suka yi wa mubaya'a? Da bakinsu suka ce Alƙa'ida ta yankin Magrib, wadda tushenta ke Aljeriya. Ka ji fa! Mutumin da bai taɓa ganin Damari ba, bai san mahaifiyarka ba, shi zai ce a kashe wane, a bar wane.

Wannan hanya wasu sun bi ta kafin ku. Ku dubi Chadi. An kafa ƙungiyar tawaye ta FROLINAT a 1966, a garin Nyala na Sudan. Daga baya ta rabu. Gukuni Wadai ya jingina da Gaddafi na Libiya, Hisen Habre kuwa Amurka da Faransa suka dafa masa. Dukansu Musulmi, dukansu 'yan arewacin Chadi. A watan Maris 1979 aka zaunar da su a Kano, suka sa hannu a takardar sulhu, ba ta yi ƙarko ba. A 1980 suka ragargaza Injamaina a kan talakawa, mata da yara suka tsallaka kogi zuwa Kusiri ta Kamaru.

Ina ƙarshensu? A 1986 Gukuni ya saɓa da Gaddafi, aka harbe shi a Tarabulus, ya tsira da rauni. Habre kuwa aka kore shi daga mulki a 1990, babu wanda ya tsaya masa, kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016. In haka aka yi da shugabanni, ina ga yaron da aka ba bindiga da babur? Wallahi ko sunansa ba a rubuta ba.

'Yan'uwa, addini ba da zafin rai ake yinsa ba, da ilmi ake yi. Hawarijawa sun fi mu yawan salla da karatu, amma suka kafirta Musulmi, suka halatta jininsu. Sayyidina Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda, ya yaƙe su a Naharawan a shekara ta 38 bayan Hijira, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya kashe shi a shekara ta 40. Ku buɗe Suratun Nisa'i, aya ta 93, ku ga abin da aka tanadar wa mai kashe mumini da gangan. Ranar nan babu wani amiri na ƙasar waje da zai ɗauke maka ko ɗigo ɗaya na jinin.

Saboda haka, in baƙo ya zo maka da kuɗi da zancen jihadi, ka kai maganar ga malamin Sunna da ka sani, da mai gari, da hukuma. Kada ka kai wa na daji fetur ko labari. Shugabanni kuma su ji tsoron Allah, tsaron ran talaka amana ce a wuyansu, kuma za a tambaye su.

Allah ka tsare samarinmu daga fitina, ka mayar da manoma gonakinsu lafiya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.