Usur a Hannun Mai Gaskiya



Idan kaka ta yi a ƙasar Gaya da Ajingi, aka kai gero da dawa rumbu, samarinmu sukan sami sarari. Waɗansu su nufi dandalin kokawa da dambe, yara su yi langa a farin wata, da la'asar kuma filin makarantar firamare ya cika da masu ƙwallo. Mu firistoci da katikis mukan sami waɗannan yara sa'a biyu ran Lahadi. Mai horar da su kuwa yana tare da su kusan kowace yamma. Saboda haka muke so mu yi magana da duk wanda aka danƙa wa usur, ko aka ce shi ne shugaban matasa, gama huɗubarsa ta fi tamu shiga kunnensu, ko da bai taɓa hawa bagade ba.

Manzo Bulus ya san wasanni. Kusa da birnin Korinti akan yi babbar gasa duk bayan shekara 2, wanda ya ci kuma a naɗa masa kambi na ganye. Da yake rubuta wa Timoti wasiƙa ta biyu, a sura 2 aya 5, ya tuna masa cewa kambin nan na wanda ya kiyaye dokar wasa ne kaɗai. Ɗan langa ma ya san wannan: in ya saki ƙafar da ya riƙe, ya fita, ko an gan shi ko ba a gan shi ba.

To, mu dubi abin da ya faru a Bauchi cikin watan Yuli na 2013. Ƙungiyoyi biyu, Plateau United Feeders da Police Machine, suna neman gurbi ɗaya na hawa gaba, makinsu ɗaya, sai yawan ƙwallaye zai raba su. Ta farko ta ci Akurba 79 da nema, ta biyu ta ci Babayaro 67 da nema. A wasa na farkon, ƙwallo 72 aka zura bayan hutun rabin lokaci, wato ba a cika daƙiƙa 40 ba sai ƙwallo ta shiga raga. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara 10, ta haramta wa 'yan wasan da shugabanninsu ƙwallo har abada. Duniya ta yi mana dariya. Mu kuwa abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne samarin nan.  Ƙafarsu da ita ce jarinsu ta tashi a banza.

Akwai wata ƙarya da ta fi wannan kusa da mu, ita ce rage shekaru. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Nijeriya shekara 2 daga gasannin matasa, ta kuma ƙwace mana karɓar baƙuncin gasar duniya ta 1991, saboda ranakun haihuwar waɗansu 'yan wasanmu sun saɓa da abin da aka rubuta a baya. Lokacin da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta zo ƙasarmu a 2009, har aka buga waɗansu wasanni a Kano, sai da aka kawo na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don a gane shekarun yara. Wato an fi amincewa da ƙashi a kan bakin manya. Kowane ƙato mai shekara 22 da aka sa a cikin yara, akwai wani ɗan shekara 15 da aka tura gida yana kuka, kuma Allah ya san sunansa.

Girma fa ba a karɓarsa da tsawa. Annabi Sama'ila, da tsufa ya zo masa, ya tsaya gaban dukan Isra'ila ya nemi a fito da mutum guda da ya taɓa ƙwace wa sa ko jaki, ko wanda ya ba shi toshiyar baki ya kau da ido. Ba a sami ko ɗaya ba. Ku karanta wannan a littafin Sama'ila na fari, sura 12. Mai horarwa ya gwada kansa da ma'aunin nan ranar da yake rubuta sunayen mutum 11. Ɗan wa ya sa? Ɗan mai sayen riguna, ko ɗan gwauruwar da ba ya fashin atisaye ko da bai karya ba? Manzo Yakubu ya tsawata wa ikkilisiyar da take ba mai zoben zinariya kujera ta bar matalauci a tsaye. Yara ba su da bakin magana a gaban manya, amma suna ƙirgawa, kuma ba sa mantuwa.

Marigayi Stephen Keshi ya bar waɗansu manyan sunaye na Turai a 2013, ya tafi Afirka ta Kudu da 'yan wasa 6 masu bugawa a gida. An zage shi ƙwarai. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe, kofin Afirka ya dawo mana bayan shekara 19. Ba muna cewa gaskiya kullum tana kawo kofi ba; sau da yawa mai gaskiya yakan koma gida da hannu wofi, 'yan kallo suna yi masa ihu. Amma da Mba ya ɓarar da ƙwallon nan, da zaɓen Keshi bai zama kuskure a gaban Allah ba, tun da cancanta ya duba.

A wannan yanki mu kaɗan ne a tsakiyar maƙwabtanmu Musulmi. Da yawansu ba za su taɓa shiga majami'armu ba, sai dai a filin ƙwallo za su ga irin tarbiyyarmu. In alƙalin wasa namu ne, ya busa wa ɗan cocinsu laifi kamar yadda zai busa wa ɗan unguwar liman. In an ci mu, mu miƙa hannu mu gaisa, kada a ɗauki dutse.

Sauran magana ɗaya, ga iyaye da katikis. Akan zo ofishin Fada a nemi sabon katin baftisma da aka zaftare masa shekara 3 ko 4, wai domin yaro ya sami shiga gasa ko makaranta. Littafin baftisma shaidar ranar da yaro ya zama ɗan Allah ne, ba za a kankare ko harafi ɗaya a cikinsa ba. Wanda katinsa ya ɓace, ya zo a ba shi wani da ranar da take rubuce a littafi. Shugabannin matasa kuma, kafin kowace gasa, su kawo sunayen 'yan wasansu a gwada da littafin nan a gaban kwamitin ikkilisiya.