Makokin Malami: Tunawa da Alhaji Umaru na Salaga

Duk sa'ad da wani babban malami ya riga mu gidan gaskiya, malamanmu na Tamale sukan koma ga tsohuwar mas'alar nan ta iyakar baƙin cikin da Shari'a ta halatta. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya haramta kururuwa da yage tufafi da marin kunci, amma kuma idanunsa sun zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahimu ya rasu. Tsakanin wannan hani da waɗannan hawaye marsiyya ta sami gurbinta, wato ambaton alherin mamaci da harshe mai ladabi, ba tare da jayayya da hukuncin Ubangiji ba.

Idan ana neman wanda ya cancanci irin wannan ambato a ƙasashen Gonja da Dagomba, Alhaji Umaru ɗan Abubakar ne zai fara zuwa baki. An haife shi a Kano wajen 1858, asalin gidansu Kabi, ya biyo hanyar fataken goro har Salaga, ya kuma ga yaƙin basasar 1892 da ya watse kasuwarta, sannan ya koma Kete-Karaci inda ya yi limanci da karantarwa har wafatinsa a 1934. Ya yi waƙe da Larabci da Ajami a kan zuwan Nasara, da rushewar Salaga, da annobar mura ta 1918, da talauci da wadata. Ya mayar da diwanin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa domin almajiransa. Ya kuma yi wa ɗansa Labbo marsiyya, wanda ya nuna cewa malamin da ya san haƙuri a littafi ya ɗanɗana shi a zuciya.

Abin da nake son jawo hankalinmu gare shi shi ne, hadisi ya bayyana cewa Allah ba ya fizge ilimi daga ƙirazan bayi, sai dai ya ɗauke shi ta hanyar ɗauke malamai. Ke nan mutuwar malami rashi biyu ce, na mutum da na abin da ke ƙirjinsa. Rashin farko ƙaddara ce, sai istirja'i da addu'a. Na biyu kuwa yana hannunmu, domin waƙar da aka bari a gafakar fata cikin zaure, tawadarta tana koɗewa, gara tana cin gefen takardunta, ba mala'ikan mutuwa ne ya kashe ta ba, sakacin magada ne. Tsohon garin Kete-Karaci ya nutse a tafkin Volta bayan an gina madatsar Akosombo, amma rubuce-rubucen Alhaji Umaru da Jami'ar Gana ta tattara a Legon suna nan, suna jiran mai karantawa.

Saboda haka makokin da ya dace da mawaƙi mai karantarwa shi ne a fito da waƙensa, a kwafe su, a rera wa yara a makarantun zango bayan sallar isha'i, a fassara musu ma'anoninsu, har ya zama ilimi mai amfani wanda ladansa ba ya yankewa daga mai shi a kabarinsa. Allah Ya jiƙan Alhaji Umaru, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin malamanmu.