Kara Ɗaya, In Ji Kawu

A Ƙofar Galadima cikin birnin Zariya akwai wani dattijo mai tebur, yana sayar da goro da alewa da ashana da sigari. Ran nan bayan la'asar, wani yaro da allonsa a hamata ya miƙo masa kuɗi.

"Baba, a ba ni kara ɗaya, in ji Kawu."

"Koma ka ce masa ya zo da kansa, ɗana."

Jim kaɗan sai ga kawun, wani tela, rai a ɓace. "Haba Baba! Shekara nawa muna ciniki, yau ka koro mini ɗan aike?"

Dattijo ya yi tari mai tsawo, ya nuna masa benci. "Zauna, Malam. Ka ji tarin nan? A wurin aike na samo shi. Ina ɗan shekara 12 yayana ke tura ni, ya ce in kunno masa. Sai in zuƙa sau ɗaya don kada ta mutu a hanya. Gobe sau biyu. Shi Allah ya yi masa rasuwa da ciwon huhu, ni kuwa ga abin da ya rage mini."

"Allah ya jiƙansa. Amma ai ni zan sha, ba yaron ba."

"Haka yayana ya riƙa cewa. Tun 2015 dokar ƙasar nan ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Na ji a rediyo Amurka ta ɗaga nata zuwa 21 a 2019, domin galibin mashaya da ƙuruciya suke farawa. Da za a ji tawa, mu ma a ɗaga."

Tela ya yi murmushi. "To Baba, ai dokar nan ta hana sayarwa kara-kara. Da me yaro zai sayi kwali guda? Karan nan naka shi ne daidai aljihunsa."

Dattijo ya yi shiru, ya daɗe yana kallon teburinsa. "Ka yi gaskiya. Ashe ni da kai duk kanwar ja ce."

Washegari aka ga lemo da ayaba a inda sigari take. Tela kuwa bai sake aiken yaro sayen taba ba.

Ko an ɗaga shekarun zuwa 21, doka a Abuja ake rubuta ta, amma a bakin tebur take aiki. Mai aike da mai sayarwa, ku ji tsoron Allah game da yaran nan.