Sadaka Ce Ko Diyya?

A taron sauyin yanayi da aka yi a Sharm el-Sheikh ta Masar a 2022, an amince a kafa asusun rage wa ƙasashe matalauta asara. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda manyan ƙasashe ke ɗaukar kuɗin tamkar kyauta. A fiƙihun Malikiyya, wanda dabbarsa ta yi ɓarna a gonar wani da dare, biya ya wajaba a kansa. Haka ma wanda hayaƙinsa ya gurɓata yanayi. Hayaƙin Afirka bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, amma manomin Haɗeja ne ambaliya ta cinye wa shinkafa a shekarar. Wakilanmu, don Allah ku ajiye ƙoƙon bara, ku nemi haƙƙinmu.